Ta'aziyyar Malam Iliyasu, da Roƙo a kan Iya Sabuwa

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Mata Masu Jinyar Tsofaffi ta Nasarawan Doya ta sami labarin rasuwar malaminmu kuma ubanmu, Malam Iliyasu mai ba da magani, bayan fama da ciwon haƙarƙari. Muna miƙa ta'aziyya ga mai girma Dagaci, da Malam Liman, da wan mamacin Alhaji Lawal, da mai ɗakinsa Malama Ummuhani, da dukan jama'ar Maƙarfi, Ikara da Kudan waɗanda kekensa ya sha zuwa ƙofar gidajensu.

Kafin zuwansa, in tsohuwa ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, ko ta ɓata tsakanin gida da rijiya, sai mu ce iska ce, mu kulle ta a ɗaki. Malam ne ya zauna da tsofaffinmu ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarsu sunayen jikoki da ranar kasuwa, yana komawa bayan girbi ya sake tambaya, har ya kawo likita daga Zariya ya duba su. Ya gaya mana gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a kai ga maganinsa ba tukuna, amma ana nema. Ya kuma koya mana abu guda da ba mu saki ba: duk sunan da mai wannan ciwo ya kira ka da shi, ka amsa, domin musu tsorata shi yake yi.

A nan ne dole mu yi maganar da ke da nauyi a bakinmu. Iya Sabuwa, tsohuwar da ke kaɗin auduga a bayan masallaci, ta daɗe tana kiran Malam da sunan Tanko, ɗanta da ya rasu tun kafin mulkin kai, shi kuwa yana amsawa. Da ya kwanta ciwo ta je gaishe shi, ta kama hannunsa ta ce Tanko ya tashi su tafi gida, ya ce mata yana nan tafe. Washegari Allah ya karɓi abinsa. Yanzu ana cewa ita ta kira kurwarsa, an jefi ɗakinta, an hana ta ɗiban ruwa, mun kuma ji ana shirin fitar da ita daga gari bayan sadakar bakwai.

Mu shaida ne cewa tun yana da sauran numfashi wasu suka nemi a kawo ta ta tsallake shi, kamar yadda ake yi wa wadda ake zargi da maita, ya ƙi, ya ce duk wanda ya taɓa Iya bai yafe ba. Malama Ummuhani tana wurin, ta ji da kunnenta.

Saboda haka muna roƙon Alhaji Lawal, don girman Allah, ya tashi a wurin addu'a ya faɗi wannan da bakinsa, domin maganarmu mata ba za ta tsayar da masu jifa ba, tasa kuwa za ta tsayar. Iya tana hannunmu a gidan Azumi, ɗaya daga cikin matan ƙungiyarmu, kuma ba za mu miƙa ta ga kowa ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi. Ita Iya ba ta san ya rasu ba. Kullum da hantsi takan dama fura ta rufe da faifai, ta zauna tana kallon ƙofa. In akwai namiji a gidan Malam da zai zo ta kira shi Tanko ya amsa, ƙofar a buɗe take.

Lantana Lado
Sakatariyar Ƙungiya
Nasarawan Doya, 1963