Kwalbar Maganin Akun Baba

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Babanmu ya rasu bara, ya bar mana akunsa. Har yau da muryar Baba tsuntsun nan yake tambayar Mama ina ta ajiye masa tabarau, ita kuma tana amsa masa.

Kwanan baya numfashinsa ya fara sarƙewa. Likitan dabbobi ya ce babu maganin kamfani daidai ɗan jikin nan. Ya ɗora shi a sikeli, ya rubuta wa wata mai haɗa magunguna, ta haɗa masa na ruwa mai ɗan zaƙi, ɗigo uku safe da yamma. Kwana biyar har ya koma cin abinci. A na shida ina goge firji, kwalbar ta suɓuce min ta fashe.

Kunya ta hana ni komawa, don sai da matar ta ja min kunne kan kwalbar. Yayana, wanda da ya karanta takardar cikin kwali yake zama likita, ya ce sunan maganin ɗaya da wata ƙwayar Mama, mu gutsura mu jiƙa. Na biye masa. Tun jiya akun ya sauko ƙasan keji, bai ce uffan ba. Mama na zaune gabansa da tabarau a hannu. Ban gaya mata ba, kuma tsoro nake ji.

Autar Mama

Auta, ki ajiye jaridar nan ki ɗauki kejin. Kada ki ƙara masa ko ɗigo. Ki tafi da kwalin ƙwayar, ki faɗa wa likita nawa kika ba shi da kuma yaushe, ba tare da rage komai ba.

Yayanki da kyakkyawar niyya ya yi, kuma wataƙila sunan ɗaya ne. Amma an yi ƙwayar Mama don nauyin Mama, akun kuwa abin da idonki ya ga ɗan gutsure ne, a jikinsa kaya ne. Shi ya sa aka auna shi tun farko.

Mai haɗa magani kuwa ta sha ganin fasasshiyar kwalba, iyakaci ta yi miki faɗa ta haɗa wani.

Ki gaya wa Mama da bakinki kafin ki fita. Allah ya ba shi lafiya, ya sa gobe Mama ta sake jin ana tambayar ta tabarau.