Muryarki ta dawo gida, Inna

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Ina son ki ji abin da ɗiyarki mai kunya ta yi.

Da aka zo rabon kayanki bayan addu'ar arba'in, salularki ta faɗa hannun Kawu Sani, ƙanenki na Ɗan Gulbi. Kafin in ankara ya kai ta kasuwa an wanke ta tas, wai don ta yi sauri. Hotuna, saƙonnin murya, duk sun tafi. Bai yi da mugunta ba. Da ya gane, ya fi ni kuka.

Kin san ko a lakkol, cikin aji, ba na ɗaga hannu sai mushe, malaminmu, ya kira sunana. Amma ran nan na shiga zaure, maza cike, na durƙusa na roƙi Kawu ya ba ni fus ɗinki, ɗan katin nan mai lambarki. Har an yi dariya, wai mayafai da tasoshi na nan, ni abin da bai kai farce ba nake so. Ban tashi ba sai da ya ciro shi.

Kin tuna lokacin da kike jinya a Maraɗi, na amshi salular ina latse-latse? Kika ce, "Ke dai kar ki cinye mini batir." Ajiya nake kunna miki, yadda aka nuna mana a aji, don komai ya riƙa samun kwafi a intanet.

Shekaranjiya na ari salular Baba, na sa fus ɗin. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya ƙi a cikin gida, sai da na hau katangar wajen turken awaki. Na shigar da adireshin imel ɗin da na buɗe miki da kalmar sirri, lambar tabbatarwa ta iso. Aka tambaye ni ko a maido da ajiya. Na yi bismilla na danna. Layin ya yi ta jan ciki har rana ta ƙona mini ƙeya.

Saƙonnin muryarki sun dawo, Inna. Ba duka ba, na makon ƙarshe babu. Na farkon da na buɗe, faɗa kike yi mini a kan na bar zogale a rana kaji sun watsar. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin haka ba.

Baba ya saurara. Can ya miƙo mini salular ya ce in sake sa masa, kuma in koya masa wurin dannawa. Ni na koya wa Baba, Inna.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya ba ni ikon yin abin da za ki yi alfahari da shi.

Ɗiyarki,
Rakiya, daga Dakoro