Na Wanke Wa Matata Yashin Teku, Ta Bar Min Gidan

Malama, don Allah ki taimaka min kafin in rasa matata a kan yashin da bai cika bokiti ba.

Ni magini ne, shekara ashirin da biyu ina kwaɓa yashi da siminti. Matata kuwa wai masaniyar ƙasa ce. Digiri na uku take yi a kan wani kwazazzabo can ƙasan teku, wanda ita kanta ba ta taɓa gani da idonta ba. Ta ce yashi da laka kan zaftare su gangara ta cikinsa, su baje a bakinsa kamar mafici. To sai me? Wa zai yi gini a can? Bara ta bar ni da yara biyu, ta yi sati shida a jirgin ruwa, aka zura bututu aka ciro mata laka. Kowa na dawowa da tsaraba, ita laka ta kawo.

Watan jiya na'urar sanyaya ɗakin bincikensu ta lalace, sai ta kawo gajerun bututu uku gida, an tsaga su a tsaye an naɗe da leda. Ta kwashe nama daga firji ta jera su. Ranar da ta tafi taro na buɗe ɗaya. Malama, ƙazanta zalla. Yashi mai tsakuwa a ƙasa, mai laushi a kansa, laka ta rufe, sai wani yashin kuma, haka dai hawa-hawa. In lebura ya kawo min irinsa, a ranar zai bar aiki. Tausayinta ya kama ni, na ce bari in rage mata wahala. Na juye duka ukun a baho, na wanke, na shanya, na tankaɗe da rariya, kowane iri da kwalbarsa.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a ƙasan kicin tana kallon kwalaben, sannan ta kwashi yara sai gidan yayanta. Yau kwana tara ba ta ɗaga wayata. Yayan ya ce wai tarihin shekara dubu huɗu na goge. Na ce in yashi take so, gobe in sauke mata tifa guda wanda ya fi wancan kyau. Ya kashe wayar. Gidan ya yi min faɗi, kuma wallahi ina sonta. Amma ina laifina?

Magini mai tsafta

Malam Magini, sannu da aiki. A ce ka gina wa mutum bene, wani ya zo ya rushe, ya wanke bulon tas ya jera maka a gefe, yana jiran godiya. Abin da ka yi ke nan.

Hawa-hawan da ka kira ƙazanta shi ne aikin gaba ɗaya. Duk zaftarewa, mai nauyi ke fara kwanciya, mai laushi ya biyo, laka ta rufe. Daga jerin nan take karanta sau nawa aka yi, kuma yaushe. Masu shimfiɗa wayoyin sadarwa a ƙasan teku na buƙatar amsar, don zaftarewar kan tsinka su. Tifarka ba ta san komai a kan wannan ba.

Ita ma da nata sakacin. Abu mai daraja haka ba a barinsa a firjin gida ba tare da kashedi ba. Na kuma yarda da kyakkyawar niyya ka yi. Sai dai ka sake karanta wasiƙarka, ka ga yadda ka liƙa wa sana'arta "wai". Ɓarnar hannu ana yafe ta. Rainin da ta daɗe tana haɗiyewa ne ya kai ta gidan yayanta.

Kada ka zubar da kwalaben, kada ka ƙara taɓa su. Irin bututun nan akan tsaga shi biyu a adana rabi, to ka yi addu'a ɗaya rabin yana nan lafiya. Ka je da ƙafarka, ka ce ka yi kuskure, ban da "amma". In ta saurare ka, ka roƙe ta ta koya maka abin da ka wanke, ka yi shiru har ta gama.

Allah ya huci zuciyarta, ya dawo maka da iyalinka lafiya. Rariyar kuma ka bar ta a wurin aiki.