Fangalan Yamma

Agiye, Disamba 2010

Yaya Habsatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara, da fatan kuna lafiya. Aikin zaɓe ya riƙe mu a buro, wato ofis, don haka tumatirin gwajin da na dasa a lambunki ya koma hannunki.

Ruwan da na bari a jarka ba ya kashe farin ƙuda. Tumatir yana da wani sinadari a jikinsa da kan tashi in ƙwaro ya tsotse shi, sai ganyen ya daina yi wa ƙwaron daɗi. Ruwan nan tayar da sinadarin yake tun da wuri. Ki fesa wa fangalan gabas kawai, na yamma ki bar su ko sun lalace. Bambancin nan zan nuna wa sababbin shugabanninmu, in babu shi rufe gwajin za su yi.

Ƙanenki,
Abdulaziz

Sae Sabuwa, Fabrairu 2011

Abdulaziz,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, sai kewarka, malamin gona mai noma da takarda.

Na bi maganarka iya ƙarfina. Gabas ya yi kore shar, yamma kuwa ganye ya nannaɗe, in ka taɓa ƙuda ya tashi kamar gari. Kullum da hannuna nake ba su ruwa, ina kallonsu suna mutuwa, ga magani a ɗaki. Wallahi na kasa. Na fesa musu, kuma sun farfaɗo. Yanzu ko kai ba ka rarrabe gabas da yamma. In laifi ne ka yi haƙuri.

Yayarka,
Habsatu

Agiye, Afrilu 2011

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Shugabannin sun zo, na nuna musu hotunan lambun. Babbansu ya ce, "To ina wanda ba a fesa wa ba? Ƙila bana ƙudan ne bai yi yawa ba." An rufe gwajin, ruwan ba zai ƙara zuwa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba da ke ba. Da ni ke riƙe da bokitin ban san abin da zan yi ba.

Allah Ya bar zumunci,
Abdulaziz

Sae Sabuwa, Nuwamba 2011

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Ƙudan ya dawo. Matan unguwa sun cika mini gida, kowace da 'yar kwalbarta, suna roƙon ruwan bara. Na kife jarkar a gabansu, babu ko ɗigo. Fangali huɗu na tausaya wa, bana lambunan gari duka ne ba a fesa wa ba. Ka gaya wa babban naku ya zo ya gani.

Ka huta lafiya,
Habsatu