Kajin da Ya Bari

Zuwa ga Gwaggon yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan. Na san kunnenki ba ya ɗaukar magana a waya, shi ya sa na rubuto, na ba direban motar da ke bi ta wajenku.

Kajin yayanki ne ba lafiya. Tun da ya rasu nake kula da su yadda na ga yana yi: dusa da safe, in sauya ruwa, in share akurki. Kin san ni da kaji ba ma shiri, shekara da shekaru ina yi masa mitar kashin da suke zuba min a ƙofar kicin. Shekaranjiya na buɗe akurki na ga baƙar nan mai wuya ba gashi ta takure a lungu, fikafikai a sake, tana buɗe baki tana jan numfashi da ƙyar. Jiya wasu biyu suka bi sahunta. Kashinsu kore, ruwa-ruwa. Yau na tsinci baƙar a mace, wata kuma wuyanta ya murɗe, tana ta juyi a wuri ɗaya. Na tsaya da kwanon dusa a hannu na rasa wanda zan kira, don wanda ake kiran shi ne babu.

Ke ce mai kiwo a dangi. Me zan ba su?

Ki gaida kowa da kowa.
Taki,
Matar yayanki

*

Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, sai gwiwa da ke ta min tsiya.

Maza ki ware masu ciwon. Wadda ta mutu ki haƙa rami mai zurfi ki binne, kada ki jefa a bola kajin maƙwabta su kwasa. Kada ki yanka ko ɗaya da sunan kada a yi asara. Kuma don Allah ban da maganin mutane, na san ki da jakar ƙwayoyi! Ki kira likitan dabbobi yau ɗin nan.

Amma in faɗa miki gaskiya? Ciwon da ke murɗe wuya ba ya barin na baya. Ki sa wa ranki haƙuri. In sun ƙare, ki rufe akurkin ki huta. Me ya yi miki zafi, ke da ba ki taɓa son su ba? Ki koma wajen ɗanki Babba, ga ɗaki a bene mai taga biyu, ga jikoki. Zaman kaɗaici ba naki ba ne.

Sai na ji daga gare ki.
Gwaggo

*

Zuwa ga Gwaggon yara,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwar ta lafa.

Maganarki ta tabbata. Likita ya zo, yana leƙa akurki ya girgiza kai. Ya ce ciwon ba shi da magani, sai dai riga-kafi. Sai ya tambaye ni, "Hajiya, yaushe rabon a ɗiga musu a ido?" Na ce ɗiga me? Ya ce, "Ai Malam duk bayan 'yan watanni yakan zo ya karɓi maganin riga-kafin. Da na daina ganinsa na ɗauka ya bar kiwon ne." Bai ma san ya rasu ba. Ni kuma ban san yana yi ba. Muna gida ɗaya da mutum, ashe akwai aikin da yake yi a bayan ɗaki ban taɓa leƙawa ba.

Zakaran ne ya yi ƙarshe. Na kai shi inuwa, ina ba shi ruwa da cokali, har ya daina haɗiya. Na binne shi kusa da sauran, na ƙona shimfiɗar akurkin, na wanke ko'ina da maganin da likita ya bari. Ya ce in bar wurin babu komai na wasu makonni.

Kafin ya tafi ya zauna ya yi min bayanin iri-iri, ko zan sake. Akwai jajayen nan na gidan gona masu zuba ƙwai kusan kullum, amma sai da abincin buhu, zafi kuma na kayar da su, ba sa kwanci. Akwai farare na nama, waɗanda ba a sabawa da su an yanka. Akwai 'yan haɗi, tsaka-tsaki. Na ce irin na Malam fa? Ya ce waɗannan ba a kasuwa suke ba, shi ya tace abinsa da hannunsa shekara da shekaru, yana barin masu juriya da iya reno. Wato sun tafi ke nan.

Wataƙila ke ce da gaskiya, in tattara. Sai dai abu ɗaya ya tsaya min. Ban taɓa gaya miki zancen ɗakin bene ba, balle tagoginsa. A ina kika ji?

Ki huta lafiya.
Matar yayanki

*

Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Kin kama ni, ba musu.

Babba ya zo nan watan jiya, ya zauna a kan kujerar keken ɗinkina yana ta murza hula. Ya ce duk sanda ya kira ba ki ɗauka ba sai gabansa ya faɗi. Ya ce, "Gwaggo, kajin nan ne kawai ke riƙe ta a gidan, ki sa baki." Tausayinsa ya kama ni na sa bakin. Kada ki ga laifinsa, tsoro ne irin na wanda ya binne uba.

To amma na karanta takardarki har na jiƙa ta da hawaye. Ruwa da cokali! Ke ɗin da kike bin su da tsintsiya!

Ki saurara. Shekarun baya da annoba ta share min akurki, Yaya ya zo min da zakara ɗaya da kaji biyu a kwali, ya ce kada in haɗa su da na kasuwa. Ban haɗa ba. Duk abin da ke yawo a tsakar gidana yau jikokin nasa ne, har masu wuya ba gashin. Ba su tafi ba, suna nan suna cinye min dusa.

Ban ce ki zauna ba, ban ce ki tafi ba, na yi karambani sau ɗaya ya ishe ni. In ƙwai kike so ki sayi jajaye. In hutu kike so ga bene. In kuwa waɗannan kike so, zan zaɓo miki matashin zakara da 'yan mata uku, in ɗiga musu magani, in ba direba. Amma ki sani, mai kaji ba ta kwana a wani gida. Ki yi tunani da kyau.

Taki har kullum,
Gwaggo

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ki yafe min jinkiri, sai da akurki ya sha iska, ni ma na sha.

Babba ya zo ranar hutu da kwalayen kwashe kayana a bayan mota. Na zaunar da shi, na karanta masa takardarki. Da na gama ya ce, "To in kin faɗi a bayan ɗaki fa, Mama?" Na ce zan riƙa yawo da waya a aljihu, in ya kira in ɗauka. Na ce ranar da na kasa ɗaga bokitin ruwansu, da kaina zan kira shi ya zo ya ɗauke ni, ba sai ya aiko kowa ba. Ya share ido, ya tashi ya zagaya akurkin, ya ce ragar ƙarfen ƙofar ta ci tsatsa, ɓera zai shiga. Ya fita ya sayo sabuwa, ya wuni yana bugawa.

Ki ba direba kajin ranar da ya samu wuri. Ki rubuto min kuma yadda ake riƙe kan kaza a ɗiga mata a ido, don da hannuna nake so in yi.

Ki gaida gwiwa.
Matar yayanki