Cikin Saratu da Sikelin Gyaɗa

Shinkafi, 4 ga Yuli, 1987

Yaya Turai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti? Bayan haka, cikin matata Saratu ya shiga wata bakwai, kuma Inna ta hana ta abinci. Kunu safe, kunu yamma, ba nama, ba ƙwai, ko fura ba ta bari. Wai laba goma sha ɗaya na yi da aka haife ni, har na kusa aika ta lahira, in ɗan ya biyo ni Saratu ba ta da ƙugun fidda shi. Ke ce ungozoma. Da gaske girman jariri gado ne? Ki ba direban da ya kawo miki takardar nan amsa.

Ƙanenki,
Mahmuda

Kaura Namoda, 6 ga Yuli

Mahmuda,

Na amsa gaisuwarka, amma raina a ɓace yake. Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane lissafi! Shekarata tara aka haife ka. A gabana Baba ya ɗora ka kan sikelin gyaɗarsa a zaure, kai da tasa da zannuwa biyu. Laba goma sha ɗayan ke nan da aka shekara ashirin da bakwai ana cika mana kunne da ita.

Gado akwai shi, ban musa ba, ya ma fi bin uwa. Amma yunwa ba ta rage kan jariri, jinin uwar take shanyewa. A ba ta hanta da wake da zogale. Ka ja fatar idonta ka duba, in ciki ya yi fari ka sako ta a mota.

A gaida Inna.
Turai

Shinkafi, 25 ga Yuli

Yaya Turai,

Ina gaisuwa. Na karanta wa Inna takardarki, a duk ciki "ya fi bin uwa" kaɗai ta ji. Washegari ta shiga motar Zurmi wai ta tambayi uwar Saratu. Wace uwa za ta ce 'yarta ƙanjamammiya ta haifa? Ta ce ai kamar kabewa ta zo. Inna na dawowa ta raba kunun biyu.

Na shigo da tsire a aljihu, ƙamshin yaji ya tona ni. Ban sha faɗa ba, kuka Inna ta yi. Ta ce, "Ni nas san abin da nig gani. Ƙanwata Saliha kwana ukku tana naƙuda, da ita da ɗan munka rufe."

Idon Saratu ya yi fari. Amma jibi za a tura mu kwas Sakkwato, in na dawo zan kawo ta. Ki yi haƙuri da ni.

Ƙanenki,
Mahmuda

Kaura Namoda, 9 ga Agusta

Mahmuda,

Gaisuwa sai ka zo. Saratu ta faɗi a bakin murhu, Inna da kanta ta kawo ta. Ta haihu, mace, ba ta kai laba huɗu ba, mun naɗe ta a auduga. Saratu jini take bukata. Inna ta miƙa hannu a ɗebi nata aka ce ta tsufa, tun jiya ta kasa kai loma baki. Na ba da nawa, bai isa ba.

Ka bar kwas ɗin nan, ka zo da hannunka yau.

Turai