Na San Abin Da Ke Cikin Kududdufin, Na Yi Shiru

Zuwa ga Edita, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni zuwa ƙarshe kafin a zage ni.

Ni manomin rake ne a wani ƙauye tsakanin Kudan da Maƙarfi. Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ina da taubashi, ɗan ƙanen mahaifiyata, gonakinmu na jere a fadama. Kowa ya san ba a fushi da wasan taubashi, to shi da wannan ya fake. Ran kasuwar Maƙarfi ya tarar da ni ina haɗa baƙi, ya fizge littafin, ya juya shi kai ƙasa, ya ɗaga murya: "Jama'a, ku zo ku ji! Takarda ta ce bawana mai furfura ya koma rarrafe!" Ya yage shafi ya ƙunshe tabarsa. Surukina yana wurin, yana dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi dariya, don al'ada ta ce in yi. Wa zan kai wa ƙara?

Bayan wata biyu malaminmu ya ba ni ɗan littafi a kan kurkunu. Sau uku na karanta ban gane ba. Yaya ruwan da ka sha bara zai fito maka a ƙafa bana? Littafin ya ce idan mai kurkunu ya tsoma ƙafa a ruwa, tsutsar takan zuba 'ya'yanta, wasu ƙananan ƙwari su haɗiye su, mu kuma mu sha ƙwarin. Ban yarda ba sai da na tace ruwan kududdufinmu da farin ƙyalle, na ɗaga a rana, na ga abubuwa kamar ƙwarƙwata suna motsi. Tun daga ranar gidana ba a shan ruwa sai an tace.

Ga laifina. Wata rana muna aiki a fadama, na ga wani matafiyi ya jiƙa ƙafarsa mai kurkunu a kududdufin. Taubashina ya zo da ƙishi, ya ga gorana na tataccen ruwa a rataye, ya ce, "Kai kuma, ɗan boko, ruwan kakanninmu ya yi maka kaɗan?" Na ce, "A'a, ubangidana, cikina ne ba daɗi." Da hannuna na miƙa masa ƙwarya ya ɗebi ruwan kududdufin. Ya sha, ya ƙara, ya cika tulu aka kai gida. Na san sai shekara ta zagayo, ni kuwa haƙuri bai taɓa yi mini wuya ba.

Bana da ruwa ya sauka, kurkunu ya fito masa biyu a ƙafa ɗaya. Wallahi ranar da na gan shi yana jan gindi zuwa ƙofar gida, a raina na ce, to yau wa ke rarrafe? Ina jin kunyar faɗa, amma har yanzu daɗin bai gushe ba. Sai dai matarsa ma ta kwanta, ita da ba ta taɓa yi mini komai ba, kuma ciyawa ta cinye dawarsu. Me za su ci baɗi?

Jiya na je gaishe shi, yana naɗe tsutsar a tsinke. Bai yi mini wasa ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, takardun nan naka ba su ce komai a kan wannan ba? Sai an ɗauke ni an tsoma ƙafar a kududdufi nake samun sanyi."

Kududdufin da rabin ƙauye ke sha ke nan. Idan na buɗe baki, zai tuna da gorana, ya gane tun bara na sani. Idan na yi shiru, baɗi ba gidansa kaɗai zai kwanta ba. Kuma har yau bai ce in yafe masa ba. Na ce masa zan duba in dawo jibi.

Jama'a, me zan yi?